Shafi Ya Ce Talata

Sadiƙ taubashina ne, ɗan Kawu Mamman ƙanen mahaifiyata, kuma na girme shi da shekara tara. Na faɗi shekarun ne don a san ni na riga shi komai. Na riga shi shiga lakwal, wato makarantar boko, na riga shi aure, na riga shi ɗora yatsa a kan kwamfuta. Amma in ka tsaya a bakin kasuwar Madarounfa ka ce a nuna maka wanda ya san na'ura, ba mai nuna maka shagona. Sunana Audu, ina da shagon buga takardu da fotokofi, kuma ni ne sakataren ƙungiyar masu zogale ta yankinmu. Labarin Sadiƙ zan bayar yadda na san shi. Ban yi alkawarin adalci ba, don na daɗe ina jin haushinsa.

Haushin ya faro tun daga gindin murhu. Kawu Mamman masunci ne, duk ranar da ya samu a tafki sai ya aiko Sadiƙ da kifi gidanmu. Inna Ɗelu, mahaifiyata, takan soya ta ba shi tsakiya, ni ta miƙo mini kai. In na yi ƙorafi ta ce, "Kai kullum kana nan, shi ko baƙo ne." Baƙon da katanga ɗaya ta raba gidansu da namu! Mutane na ganin muna tsokanar juna irin ta taubasai, shi ya ce mini mai kan tulu, ni in ce masa sarkin ƙarni, a yi ta dariya. Ba wanda ya lura cewa rabin tawa tsokanar da gaske nake yin ta.

Da ya faɗi jarrabawar birbe sau biyu a ƙarshen kwaleji, ni da na ci tawa a karo ɗaya, na je na yi wa Kawu jaje da fuskar tausayi, na fito raina fes. Sadiƙ ya tattara ya tafi Ɗan Issa, ya kafa tebur a wata rumfa kusa da masu canji yana gyaran wayar salula. Shekara shida ya yi a can. Ya sayi wata tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gilashi, wadda sai an tokare ta da dutse take tsayuwa. Da rana tsaka, lokacin da direbobi ke barci a ƙarƙashin motocinsu, shi yana kallon bidiyon masu koyar da gina shafukan intanet, yana kwafewa da bik a kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Na taɓa ganin kayen, layi-layi na baƙaƙe da alamomi marasa kan gado. Na ce masa, "To, karatun mutane ya gagare ka, bari mu ga na aljanu." Ya yi dariya har da riƙe ciki. Wannan ma yana cikin abin da ke ƙona mini rai da shi, magana ba ta yi masa zafi. Da idon Kawu ya yi rauni sai ya dawo gida da matarsa Hasiya da 'yarsu ɗaya.

Ƙungiyarmu ta kai mutum ɗari da arba'in, lambunansu na bakin gulbi, daga nan gari har wajen Gabi da Sarkin Yamma. Kamyo ɗaya, babbar motar kaya, muke ɗauka, ya kwashi ɗanyen zogale ya kai Yamai. Zogale kuwa ba ya jiran kowa. Da asubar ranar mota ake yanka shi, a yayyafa ruwa, a danna a buhu. In ya wuni ya kwana a buhun nan zai ɗau zafi kamar mai zazzaɓi, ya yi rawaya, ya fara wari. Saboda haka babban aikin sakatare ɗaya ne, kowa ya san ranar mota. Shekara goma sha huɗu ina rubuta sanarwa in manna a ƙofar biro, wato ofishin ƙungiya, in ba 'yan kabu-kabu saƙo, in roƙi limamai su faɗa bayan sallar Juma'a. Dillalai kuma na nasu aikin. Sai su baza cewa an matso da ranar, mutane su yanka, mota ba ta zo ba, su kuma su bi lambu-lambu suna saye a wulaƙance.

Sadiƙ ne ya miƙe a wani taro ya ce zai yi wa ƙungiya shafi a intanet, wanda ɗan ƙungiya kaɗai zai iya buɗewa ya ga ranar mota. Na yi tsaki a fili. Shugabanmu, Alhaji Sani, ya ce a bar shi ya gwada.

Wata uku ya yi a kai, kuma abin da ya fi cin lokacinsa shi ne ƙofar shiga, wato shafin farko da zai hana dillali leƙawa. Gurbi biyu ne kawai, ɗaya na lambar salula, ɗaya na lambar sirri. A ƙasa ya sa wani ƙaton maɓalli kore, wai yatsan mai lambu kaushi gare shi da laka. Da babban yatsan Kawu ya riƙa aunawa, sai da tsohon ya danna daidai sau uku a jere sannan ya yarda girman ya isa. Ya sa Hasiya ta naɗi sunayen ranakun mako da muryarta saboda waɗanda ba sa karatu. Lambar sirrin ta fi ba shi wuya. Wani dattijo ya miƙe cikin taro ya faɗi tasa da ƙarfi, ya ce shi ba shi da abin ɓoye wa 'yan'uwansa musulmi. Sau uku ana canza masa.

Abu biyu ya ja hankali a kai ranar da aka buɗe shafin. Na farko ga jama'a ya faɗa shi: "Abin da ba ku gani a shafi ba, kada ku yarda da shi. Ko wa ya kira ku, ko da muryata ce." Na biyu ni ya jawo gefe ya gaya wa, bayan ya ba ni tawa lambar mai ikon canza ranar. Ya ce a lambuna rezo, wato sabis ɗin waya, ba ta zama, yau akwai gobe babu, kuɗin intanet kuma na yi wa mutane nauyi. Don haka ya tsara shafin yadda in salula ta karɓe shi sau ɗaya za ta ajiye shi a cikinta kwana biyu, ta yi ta nuna shi ba tare da ta sake tambaya ba.

"Sakatare, in za a yi gyara, a yi shi da kwana biyu a gaba," in ji shi. "Ka jiya, mai kan tulu?"

"Na jiya, sarkin ƙarni," na ce. Da kunne ɗaya na ji.

Abin ya yi aiki, nan ne ciwon. Dillalai suka rasa ta cewa. Dattawan da suka san shi yana yawo ba wando suka koma kiransa Injiniya. A da shagona ba ya rabuwa da mutane, kowa ya zo tambayar ranar mota, ya zauna, a sha shayi, a ce Sakatare kaza Sakatare kaza. Yanzu bencin ƙofar shagon ya zama wurin kwanciyar akuyar maƙwabta. Har Inna Ɗelu, wadda ba ta da ko bishiyar zogale ɗaya, takan sa a buɗe mata shafin a salular maƙwabciyarta 'yar ƙungiya don ta ji muryar Hasiya, ta ce, "Kai, yaron nan Allah ya yi mashi kai." Ni da na buga wa rabin garin nan takardun neman aiki ba ta taɓa cewa Allah ya yi mini komai ba. An ce hassada ga mai rabo taki ce. To, ni na zuba wa Sadiƙ taki buhu-buhu.

Ran wata Asabar, azumi ya kwana goma sha biyu, ana zafin bazara mai narkar da kwalta, Salim direban kamyonmu ya kira ni da hantsi. Ya ce injin ya buga, Talatar da ke shafi ba ta yiwuwa, sai Alhamis. Na ce na ji. Na sa lambata na shiga shafin, na buɗe gurbin ranar, yatsana na kan Alhamis. Sai maganar Alhaji Sani ta safiyar nan ta faɗo mini. A gaban mutane ya dafa kafaɗata ya ce, "Yanzu kam Sakatare ya huta, Injiniya ya ɗauke mashi kaya." Na janye yatsana, na fita ban canza komai ba.

Ba na nufin kowa ya yi asara, Allah shaida ne. So nake a kai Litinin, Sadiƙ ya ɗan yi gumi, a rasa yadda za a yi, a zo shagona a ce Sakatare taimaka da 'yan kabu-kabunka. So nake a sake buƙata ta na yini ɗaya.

Litinin bayan la'asar na taka gidansa. Yana zaune a zaure yana gyaran wata salula. Na gaya masa an ɗage mota.

"Yaushe Salim ya kira?"

"Ɗazu," na ce.

Ya jawo kwamfutarsa, cikin minti ɗaya ya mayar da ranar Alhamis. Sannan ya ƙwala wa Hasiya kira ta kawo tata salular. Ya buɗe shafin. Muryar matarsa ta fito tar, ta ce Talata. Ya sake buɗewa, ta sake cewa Talata. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi, irin gumin da na yi ta fata, amma bai yi mini daɗin da na zata ba.

"Na gyara nan wurina," ya ce. "Amma wanda ya riga ya tahi cikin salular mutane ba ni da hannu a kai. Duk wanda ya buɗe jiya ko yau da safe, Talata zai yi ta gani har gobe ta wuce."

Magana zarar bunu ce, ashe shafi ma haka yake. Muka raba lambobi muka hau kira. Rabi ba sa shiga, wasu salular na wurin caji a wani ƙauye. Waɗanda muka samu kuma sai su ce a dakata, su buɗe shafi, su dawo su ce shafi ya ce Talata. Wani mutumin wajen Sarkin Yamma ya ce wa Sadiƙ, "Ko kai wane ne, ka iya kwaikwayo. Injiniya da bakinshi ya ce kada mu yarda ko da muryarshi ce." Ya kashe. Na tura 'yan kabu-kabu uku kamar yadda na saba. Biyu aka kora daga lambuna, ana ce musu karnukan dillalai.

Sadiƙ ya tura babur ɗinsa waje. Dabara ɗaya ta rage, ya je da ƙafarsa. Duk inda ya isa sai ya karɓi salula, ya hau tudun da rezo ke kamawa, ya goge abin da ta ajiye, ya sake buɗe shafin, ya miƙa wa mai ita ya ji Alhamis da kunnensa. Sa'ar da aka yi, mutum huɗu ko biyar kan duba shafin a salula ɗaya. Da ruwan rijiyar wani lambu ya buɗe baki a ranar. Washegari muna idar da sallar asuba ya sake tayar da babur, ni kuma na haye bayansa ba tare da ya ce in hau ba. Muna tsere da wuƙaƙen mutane, mu isa kafin su fara yanka.

Mutum goma sha ɗaya ne ba mu cim ma ba kafin su yanka. Ta ƙarshe ita ce Maryama, can ƙarshen lambunan wajen Gabi. Mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, lambun ne abincinta da na 'ya'ya biyar. Rana ta ɗaga lokacin da muka isa. Ta gayyato mata sun taya ta, sun aske lambun tas saboda kasuwar azumi, buhu tara a ɗinke a jere a bakin hanya. Tana ganinmu ta washe baki.

"Injiniya da kanshi! Ka zo ganin lodi?"

Sadiƙ ya sauka ya durƙusa a gabanta, ya gaya mata. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi buhunan ta ce, "To. Allah shi mayar da alheri." Sai ta fara warware ɗinkin. Mu ma muka sa hannu, aka baza ganyen a kan tabarmi da zannuwa a inuwar darbejiya, ko za a tsira da na shanyawa. Inuwar ba ta isa buhu tara ba. Kafin azahar fiye da rabi ya dafe.

Ran Laraba Sadiƙ ya shigo shagona, ya jira mai fotokofi ya fita, ya ajiye kwamfutarsa a kan teburina ya juyo mini da ita. Ashe ƙofar nan da ya gina tana rubuta duk wanda ya shiga, da lokacin, da abin da ya taɓa. Ga lambata. Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya saura. Na shiga, na buɗe gurbin ranar, na yi minti huɗu, na fita.

"Minti huɗu, Yaya Audu," ya ce. Bai taɓa kirana Yaya ba tun da ya iya magana. "Mi kake tunani har minti huɗu?"

Na kasa ɗaga kai. Ya rufe kwamfutar. Ya ce shi ba zai faɗa ba, saboda Gwaggo Ɗelu ba za ta iya ɗaukar wannan ba, kuma ko ba komai shi ya gina abin da mutum ɗaya zai iya kayar da shi da yin shiru. Ya ce ya kwana biyu yana sake tsarin, yanzu layin ranar mota zai riƙa tambaya duk lokacin da aka buɗe, in kuma ba rezo zai fito da ja ya ce labarin tsoho ne. Yana bayanin nan kamar yana gaya mini farashin albasa. Na so ya zage ni. Ko a wannan ya fi ni, na kuma ji haushin hakan.

Ran Juma'a bayan masallaci aka yi taro a ƙofar biro, mutum sun fi ɗari. Sadiƙ ya miƙe ya ce laifinsa ne, shi ya sa salula ta riƙe tsohon labari kwana biyu, ya roƙi gafara, ya ce ya gyara. Ba wanda ya so jin gyaran. Waɗanda suka yi asara suka ce su dai a koma takarda da bakin liman. Da an kira Salim direba da an ji ranar da ya buga mini, amma wa zai yi bincike bayan mai laifi ya amsa da bakinsa? Alhaji Sani ya ce a ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi kamar karan gero. Aka rufe shafin, aka sallami Sadiƙ.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Jama'a, ku saurara. Tun Asabar na san an ɗage mota. Ni na ɓoye, da gangan, don ina baƙin ciki da Sadiƙ. Ni ne na ja wa Maryama."

 Sai wani daga baya ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Taubasai! Ko a nan ma ba su bari!" Dariya ta kama ko'ina. Na rantse, aka ƙara dariya. Na ce a duba kwamfutarsa, akwai shaida. Alhaji Sani ya ɗaga hannu aka yi shiru, na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Malam Audu, zauna," ya ce. "Mun gane. Shekara goma sha huɗu kana riƙe da mu ba ka taɓa ɓata rana ɗaya ba, yau za ka ɗora wa kanka laihi don ka rufa wa ƙanenka asiri. Wanga shi ne zumunci. Allah shi yi maka albarka."

Suka amsa da amin, wasu har da tafi. Na juya na dubi Sadiƙ, ina roƙonsa da ido ya buɗe baki. Kalma ɗaya daga gare shi ta isa. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur ɗinsa.

Bayan sallah ya ɗauki Hasiya da 'yarsu suka koma Maradi. Yana gina wa 'yan kasuwa shafuka, an ce hannunsa ba ya zama banza. Duk Juma'a yakan zo duba Kawu, ya biyo ya gaida Gwaggonsa, in ya same ni ya rusuna ya gaishe ni kamar yadda ake gaida surukin da ba a saba da shi ba. A garin nan har yau akwai masu cewa Injiniya ne ya kashe zogalen mutane, kuma yana ratsa su kansa a sama. Ni ake wa kirari, ni ke kasa haɗa ido da kowa. Zan faɗa a fili, har wannan tafiyar tasa ta mai tsabtar zuciya ina kishinta.

Bencina ya sake cika. Na koma manna sanarwa, 'yan kabu-kabu sun koma karɓar saƙo, dillalai ma sun koma aikinsu. Kwana uku bayan taron nan, azumi bai ƙare ba, Maryama ta zo shagona a ƙafa tun daga wajen Gabi, da ƙulli a ka. Busasshen zogale ne, daga ɗan abin da ta tsira da shi. Ta ajiye a gabana ta ce ta ji abin da na yi a taro.

"Ba yawa, Malam. Amma mutum irinka ba a barin shi haka nan. Allah shi ba ɗiyana zuciya irin taka."

Na ce ta mayar, ta ce in ba raina ta na yi ba in karɓa. Matata ta dafa shi a ranar, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa, ta ajiye mini a gaba da aka kira magariba. Na ci. Da na ƙi ci sai na yi bayani, kuma na riga na yi bayanin nan sau ɗaya a gaban mutum ɗari, suka tafa mini.